Na ce na gama biyan gida, alhali saura wata ashirin da uku

Gwaggo, Allah ya ƙara miki haƙuri da irinmu. Taimakonki nake nema, kuma da gaggawa, domin mako uku ya rage mini. Don Allah kada ki sa sunana. Na daɗe ina karanta filin nan a lokacin hutun rana a wurin aiki, ina yi wa masu rubuto miki dariya, ina cewa wane irin babban mutum ne zai kwashi sirrin gidansa ya kai wa jarida. To, yau ga ni da nawa.

Tambayata gajera ce: ya dace in ci bashin banki don in biya bashin banki? Na san yadda take a kunne. Ki bari in yi bayani kafin ki yanke mini hukunci.

Shekarata hamsin da biyu. A wata maɗaba'a nake aiki, ni ne mai kula da injin yanka takarda da sashen ɗinkin littattafai, shekara ashirin da shida ke nan. Matata malamar firamare ce, Malama kowa yake ce mata, har ni. 'Ya'yanmu uku, babbar tana gidan mijinta, biyu suna karatu. Shekara goma sha takwas da suka wuce muka sayi gidan da muke ciki da lamunin banki na shekara ashirin. Ƙaramin gida ne, ɗaki biyu da falo, sai ɗan fili a baya inda muke shanya. Kowane wata banki yana cire kwatan albashina tun kafin in sa shi a ido, takardar mallakar gidan kuma tana hannunsu a matsayin jingina. Ban taɓa fashin biya ba ko sau ɗaya. Ki riƙe wannan da kyau, don shi kaɗai ne abin yabon da za ki samu a wasiƙar nan.

Malama tana da wa, Injiniya muke ce masa. Mutumin kirki ne, in faɗi gaskiya. Ranar da autanmu ya karye a makaranta shi ya riga ni isa asibiti. Sai dai yana da wani wasa guda ɗaya da ya riƙe tun ranar da muka tare, bai taɓa gajiya da shi ba. Shi da kuɗin hannunsa ya gina nasa gidan, bulo bayan bulo, kuma bai yarda kowa ya manta ba. Duk sanda ya zo wurinmu sai ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaya ko masu gidan suna nan, ko kuwa mu masu gadi ne kawai muke ciki. In ya ga fenti ya ɓare, sai ya ce kada in wahalar da kaina, in rubuta wa manajan banki ya zo ya gyara kayansa. Da na dasa lemo a bayan gida, tambayata ya yi ko na nemi izini. Kowa ya yi dariya, ni ma in yi. Da ƙanenta ne da na rama, amma wanta ne, ya girme ni da shekara takwas, sai dai in haɗiye in ƙara masa shayi.

Wata Asabar, wata goma sha huɗu da suka wuce, ya zo nuna mana sabuwar motarsa. Muna zaune a falo ya ɗaga kai ya ga inda ruwa ya ɓata silin, ya gyara zama zai fara. Har yau ban san abin da ya shiga kaina ba. Ina zuba masa shayi, ko kallonsa ban yi ba, na ce ai wannan maganar ta wuce, na gama biya tun watan jiya. Ban shirya ba, ban taɓa tunanin faɗin haka ba, bakina ne ya riga ni. Na ɗauka zai ce in kawo shaida, a yi dariya a wuce wurin. Sai ya yi shiru. Gwaggo, tun da na san mutumin nan ban taɓa jin shirunsa ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, ya yi mini daɗi. Daga nan ya miƙe ya ba ni hannu, ya ce ya taya ni murna, na cika namiji. Da gaske yake, na gani a fuskarsa.

Abin da ban lura da shi ba, Malama tana tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu. Ta ajiye farantin a kan kujera ta koma ciki ta buɗe famfo. Na bi ta, na tarar tana kuka tana dariya. Ta ce ashe shi ya sa kwanan nan nake ta shiru-shiru, albishir nake ɓoye mata. Ta ce ita a lissafinta saura shekara uku. Na ce ai na daɗe ina ƙara wani abu a kai daga kuɗin aikin ƙarin lokaci, ban gaya mata ba ne don in ba ta mamaki. Ƙarya ta biyu ke nan, tsakaninta da ta farko bai kai minti biyar ba. Na ƙudura a raina cewa da Injiniya ya tafi zan zaunar da ita in warware komai. Kafin ya tada motar ta kira mahaifiyata, ta kira 'yarmu, ta kira shugabar makarantarsu.

Mahaifiyata tana zaune wurin ƙanwata a hawa na uku na wani bene, kuma saboda ciwon gwiwa sai ta yi wata biyu ba ta sauko ba. Washegari ta sauko. Ta sa aka kawo ta gidanmu, ta dafa bangon falo da hannu biyu, ta yi ta sa mini albarka har muryarta ta dushe. Ina tsaye ina cewa amin. Ki gaya mini, a nan ne zan ce Inna dakata, wasa nake yi?

Ƙarshen wata ya zo, Malama ta ɗauko littafinta da jan biro. Ta ce tunda banki ya daina cire kwatan albashi, wannan kwata ya zama namu, kuma ta san ni, in ya zauna a aljihuna ba za a san inda ya bi ba. Don haka in riƙa ba ta shi, kashi ɗaya cikin uku ya shiga cefane da kuɗin makaranta, sauran ta ajiye. Na duba ta ko'ina ban ga ta inda zan ƙi ba. Tun daga ranar, banki ya cire kwata, Malama ta karɓi kwata. Lokacin da ake bina bashin gida sau ɗaya nake biya a wata. Tun da na gama biya, sau biyu nake biya.

Za ki tambaya ina nake samowa. Akwai wani abokina mai shagon ɗinke kundin ɗalibai kusa da jami'a, can nake wuni Asabar da Lahadi ina shafa gam ina danna bango. Na ce wa Malama sabon manaja ne ya ɗora mana aikin ƙarshen mako, tana ta yi wa bawan Allah addu'ar shiriya. Na sayar da babur ɗina na ce likita ne ya ce in riƙa tafiya a ƙasa, ta yaba mini da na fara kula da lafiyata. Abincin rana na daina saye, shi ya sa nake da lokacin karanta filinki. Wasiƙun banki na sa an mai da su adireshin wurin aiki, suna nan a durowa ƙarƙashin gwangwanin man inji. A watan jiya gyangyaɗi ya ɗauke ni a tsaye, hannuna yana kan takarda wuƙar injin ta sauko. Gefen farcena ta ɗauke. Na zauna a ƙasa na kai minti goma, na ce wa abokan aiki jiri ne.

Abin haushin, ban taɓa samun girma irin na wannan shekarar ba. Injiniya ya daina wasan nan ɗungurum, yanzu in ya zo sallama yake yi kamar kowa. Har wani abokinsa ya turo mini in koya masa yadda ake gama biyan bashin gida da wuri. Na zaunar da mutumin na ba shi shawara ta awa guda, kuma na ji an ce ta yi masa amfani.

Takardar gidan kuwa, duk sanda Malama ta tambaya sai in ce kin san banki da jan ƙafa, wai fayil ɗin yana babban ofis. Wata goma sha huɗu tana faɗa da bankin da bai yi mana komai ba.

Makon jiya ta kira ni bayan gida, wurin igiyar shanya, ta buɗe littafin nan ta nuna mini abin da ta tara. Ko kwabo ba ta taɓa ba. Ta ce ɗaki take so a gina wa Inna a nan, da banɗaki a ciki wanda ba shi da matakala ko ɗaya, tsohuwa ta huta da bene, ta riƙa fitowa tana shan iska. Ki sani, Gwaggo, a farkon aurenmu ita da Inna ba su jitu ba, an sha fama, kuma ni ban taɓa roƙonta wannan ba. Ita ta yi tunaninsa da kanta. Har ta kawo magini ya auna. Ta je ofishin da ke ba da izinin gini, suka ce sai ta kawo kwafin takardar mallaka. Don haka ta ce da an yi hutun makaranta, nan da mako uku, tare za mu je bankin, kuma ba za ta tashi daga ofishin manaja ba sai da takarda a hannunta. Matar da take riƙe yara arba'in da biyar 'yan shekara bakwai tun safe har azahar, manaja guda ba zai gagare ta ba.

Mutum ɗaya na gaya wa, Dogo, mai tsara mana shafuka a kwamfuta. Ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, ya haɗa mini wasiƙa da tambarin banki mai cewa takarda tana hanya. Na ƙi. Amma na tsaya na duba samfurin, kuma ya yi kyau ƙwarai, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan.

Sai ga wata jami'ar wani bankin daban, wadda take zuwa maɗaba'armu duk ƙarshen wata da jakar fom. Ta ce suna ba ma'aikaci rance a kan albashinsa, ba jingina, ba mai tsaya masa, kwana huɗu kuɗi sun shigo. Zai isa in biya ragowar bashin gidan gaba ɗaya, wato wata ashirin da uku da suka rage. Za a riƙa cira na shekara biyar, kuma abin da za a cira a wata rabin na yanzu ne da 'yar ɗoriya. Kuɗin ruwan ya kusa ninka na gidan sau uku, wannan da sauri ta faɗe shi tana neman biro a jaka. Na kira bankin gidan, suka ce in zan biya kafin lokaci akwai tara, kusan biyan wata guda. Ashe gaggawar biyan bashi ma laifi ce.

Ga yadda nake gani. In na karɓa, ƙaryata ta zama gaskiya. Takarda ta fito, Inna ta samu ɗaki, Malama ba ta ji kunya a gaban wanta da shugabarta ba, abin da ake cira ya ragu, wataƙila ma in samu in daina aikin Lahadi. Ba wanda aka cuta. Na cike fom ɗin tsaf, sa hannu kawai ya rage, amma duk sanda na ɗauki biro sai in ji ya yi mini nauyi. Na san za ki ce in gaya mata. Don Allah ki nemo wata shawarar. Ba faɗanta nake tsoro ba, na saba da shi. Yadda take kallona tun ranar nan ne ba na so ya canza.

Naki,
Maigida a baki

*

Maigida,

Na karanta wasiƙarka sau biyu. A karo na farko na yi dariya, ka yafe mini. A na biyu na tsaya a wurin farcen nan, dariyar ta tafi.

Ka roƙe ni in nemo wata shawarar, kuma na nema da gaske. Bari mu fara da rancen, tunda shi ka tambaya.

Biyan bashin gida da rancen albashi ba hauka ba ne a kowane hali. Wanda ya samu rance mai sauƙin ruwa fiye da na gidansa, ko wanda zai sayar da gidan yana bukatar takarda a hannu, ko wanda 'yan watanni suka rage masa kuma zai mayar a 'yan watanni, yana iya yin haka ya ci riba. Akwai kuma kwanciyar hankalin sanin cewa rufin da ke kanka ba ya jingine a wurin kowa, ban raina wannan ba. Kai dai ba ka cikin ko ɗaya daga cikinsu. Ɗauki biron da ya yi maka nauyi mu yi lissafi. Yanzu biya ashirin da uku ya rage maka. Matar mai jaka ta ce rabi da 'yar ɗoriya, sau sittin. Rabi sau sittin talatin ne. Sa ɗoriyar, sa tarar da za ka haɗa a cikin rancen, sa kuɗin buɗe fayil da na tabbata ba ta ambata ba, za ka tashi a wajen talatin da biyar. Wato za ka ba da kyautar biyan shekara guda cur don ka kuɓuta daga bashin da ya kusa mutuwa da kansa. Bashin gida a ƙarshensa ya fi kowane bashi sauƙi, domin yawancin ruwan ka riga ka biya shi a shekarun farko. Ka sha wahalar, saura daɗin, shi ne kake so ka sayar.

Da a ce kuɗin za su sayo maka abin da kake so, da na ce tsada ce amma kai ka sani. Ba za su sayo ba. Banki ba ya miƙo takardar mallaka a ranar da aka biya shi, akan ɗauki makonni, wani lokaci fiye, kai kuma uku gare ka. In ma ta fito, wasiƙar sallamar bashin tana ɗauke da kwanan wata, kuma na bana ne. Matarka da jan biro take cin abinci. Kana ganin kwanan wata zai wuce ta?

A ce ma ya wuce ta. Washegari kana nan inda kake: sabon banki yana cira, Malama tana karɓar kwatanta, kai kana shafa gam ranar Asabar, wasiƙu suna taruwa a ƙarƙashin gwangwani. Ƙaryar wata goma sha huɗu za ka sabunta ta shekara biyar, da kuɗin ruwa. Kana aiki da wuƙar da ke yanka takarda ɗari biyar a sara ɗaya, kana zuwa mata da yunwa da barci. Wancan karon farce ta karɓa. Gidan nan da kake ta karewa, da hannun nan ake biyansa.

Wasiƙar Dogo kuwa, ka ce ya goge ta a gabanka. Abin da kake ciki yanzu abin kunya ne a falo. Wancan abin kotu ne, kuma har shi zai kwasa.

Ga abin da za ka yi a makon nan. Ka nemi izinin awa biyu a wurin aiki, ka je bankin gidan kai kaɗai. Ka ce su rubuta maka ragowar bashin daidai, da tarar biya kafin lokaci, da ko suna yarda a riƙa rage wani abu a kai ba tare da tara ba. Sannan ka yi musu tambayar da ta fi duka muhimmanci: mutum yana so ya ƙara ɗaki a gidan da ke jingine a wurinsu, me suke bayarwa ya kai ofishin izinin gini? A wurare da yawa kwafin takarda da wasiƙar amincewar banki sun wadatar, kuma banki bai cika ƙin a ƙara wa kayan da ke hannunsa daraja ba. Ban yi maka alkawari ba, ka tambaya ka ji. Mai yiwuwa ne ɗakin Inna bai taɓa bukatar ka gama biya ba.

Da waɗannan takardu a hannu za ka zauna da Malama. I, shawarar da ka ce kada in ba ka ita ce, ban samu wata ba. Kada ka bari sai an yi hutu, kada ka bari ta ji a gaban manaja. Ka zaɓi ranar da yara ba sa gida. Jimlar farko ta zama ita ce gaskiyar: ban gama biyan gidan ba, saura wata ashirin da uku, ƙarya na yi. Kada ka fara da tarihin wasan wanta, za ta ji kamar kana so ka ɗora wa ɗan'uwanta laifinka. In ta tambayi dalili, a nan za ka faɗa, a taƙaice.

Ka shirya wa fushinta, kuma ka san inda zai fito. Wata ashirin da uku ba za su dame ta ba, ita da ma a lissafinta haka ya kamata ya rage. Abin da zai ƙona ta shi ne ta yi kukan murna a gabanka ka bar ta, ta kira shugabarta ka bar ta, ta yi shekara tana zagin banki da manajanka kana gyaɗa kai. Ita za ta riƙa tuna duk wanda ta yi wa albishir. Wannan ciwo ne na gaske, kada ka yi gaggawar cewa ya wuce. Kana da abin da zai tsaya maka: ba wani wuri ka kai kuɗin ba, duk abin da ƙaryar ta ci daga jikinka ta ci, kuma yana rubuce a littafinta. Amma ka bari ita ta gano wannan da kanta. In kai ka faɗa, ya zama kare kai.

Ka ce kallon da take maka ne ba ka so ya canza. Zai canza, ba zan ruɗe ka ba. Sai dai wanda take kallo yanzu wani mutum ne da ya biya gida shekara uku kafin lokaci, kuma babu shi. Wanda yake akwai ya biya wata ɗari biyu da goma sha bakwai a jere bai yi fashi ba, da albashin mai yanka takarda. Ban san abin da ya sa ka raina wannan mutumin har ka ƙirƙiro wani ka sa a gabansa ba. Ita da shi ta zauna shekara da shekaru, kuma ba ka ce ta taɓa kuka da shi ba.

Maganar ajiyarta kada ka taɓa ta a ranar. A lissafina ta tara kimanin biyan wata tara. Idan hankali ya kwanta, hanya biyu ce a gabanku: a zuba a bashin ya ragu, ko a fara ɗakin. Da ni ce, ɗakin zan fara, domin bashin yana da ranar ƙarewa a rubuce, kuma mai sauƙi ne, tsohuwa kuwa kowane wata a hawa na uku wata ne da ba zai dawo ba. Amma ita ta tara, ita ta yi niyyar alherin, a bar mata ta faɗi nata tukuna. Abin da ba ya jiran shawara shi ne biya biyun nan: daga wannan watan ya tsaya, aikin Lahadi ya tsaya, abincin rana ya dawo. In bayan duk wannan ku biyu kuka ga kuna son takardar da wuri har kun yarda ku biya tsadarta, to ku nemi rance mafi gajarta, ku karanta fom ɗin tare har ƙananan rubutun. Rancen da mata ta sani daban yake da wanda ake ɓoyewa a durowa, ko da kuɗin ɗaya ne.

Inna ku gaya mata tare, a hankali. Albarkar da ta sa maka ba za ta janye ba, iyaye sun ji abin da ya fi wannan. Injiniya kuma zai ji, kada ka ɓata lokaci wajen neman yadda ba zai ji ba. Gara ka same shi da kanka. Kuma tunda ka riga ka sha kunyar, ka ƙarasa: ka gaya masa cikin ladabi cewa wasan nan ya daɗe yana ci maka rai. Mutumin da ya riga ka isa asibiti, ina kyautata zaton bai taɓa sani ba, domin duk lokacin da ya yi kai ma dariya kake yi kana ƙara masa shayi. In ya daina, ka huta. In bai daina ba, ka san ranar da wasan zai ƙare, kuma ba ta da nisa.

Shawara ta ƙarshe, daga wadda ta daɗe a gidan aure: ranar da za ka yi maganar, ka ci abincinka ka ƙoshi kafin ka buɗe baki, don ba na jin za a yi maka tayi bayan ka rufe shi, wataƙila har kwana uku. Ba a mutuwa da wannan.

Allah ya sanyaya zuciyar Malama, ya ba Inna lafiyar gwiwa, ya tsare maka yatsunka goma.

Gwaggo